Yatsun da ke mutuwa in sanyi ya taɓa su, da alaƙarsu da ciwon taurin fata

"Likita, barka da aiki. Ni mace ce mai shekara 36, ina zaune a unguwar Zariya nan Maradi, sana'ata sai da zoɓo da ƙanƙara. Yau shekara uku ke nan, da zarar na sa hannu a firiji ko na yi alwalar asuba lokacin ɗari, sai yatsuna su yi fari fat, su mutu, can su yi duhu, in jinin ya dawo kuma su yi ta zugi. Yatsun ƙafa ma haka. An ce mini sanyi ne, na sha magani har na gaji. Bana kuma yatsun sun kumbura, zobena ya daina shiga, akwai ɗan gyambo a kan manuniyata da ya ƙi warkewa, ga ƙwannafi da dare. Wani ma'aikacin lafiya ya ce yana tsoron ciwon da ake kira sikileroderma. Mene ne haɗin sanyin yatsu da wannan ciwo? Kuturta ce? Zan iya shafa wa ƴaƴana?"

Ƴar'uwa, sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya. Kina son ki san ko mutuwar yatsun nan ta shekara uku da kumburin bana abu ɗaya ne, kuma ko akwai haɗari ga mutanen gidanki. Bari in fara da abin da na san shi ne ke hana ki barci: abin da kika kwatanta bai yi kama da kuturta ba, kuma sikileroderma, wato ciwon taurin fata, ba a ɗaukarta daga wani. Ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba. Ki ci abinci kwano ɗaya da ƴaƴanki, ki goya na goyo, ki ci gaba da kwana inda kike kwana. Mai kuturta yatsunsa kan rasa ji gaba ɗaya, dare da rana, zafi da sanyi, har wuta ta ƙone shi bai sani ba. Ke kuwa naki suna mutuwa ne na ɗan lokaci, su farfaɗo da ciwo.

Shi wannan sauyin launi da mutuwar yatsu sunansa alamar Reno, daga sunan wani likitan Faransa, Maurice Raynaud, wanda ya bayyana ta a 1862. Jikin kowa, in ya ji sanyi, yana tsuke ƙananan jijiyoyin jinin hannu da ƙafa don ya tara ɗumi a ciki inda zuciya da huhu suke. Wannan rahama ce. Amma a wasu mutane tsukewar kan wuce kima, jijiyar ta rufe ruf. Yatsa ya yi fari saboda jini bai shigo ba, ya yi shuɗi ko duhu saboda ɗan jinin da ya maƙale a ciki iskarsa ta ƙare, sannan ya yi ja da zugi lokacin da hanya ta buɗe jini ya kwararo. Yawanci in an ɗumama hannu, cikin minti 15 zuwa 20 komai ya koma daidai. Ɓacin rai ko firgita ma suna iya tayar da ita ko babu sanyi.

A fatarmu ta baƙaƙe ba kasafai ake ganin launukan nan uku yadda littattafai suka zana su ba. A tafin hannu ake duba, da kan yatsu, da ƙarƙashin farce. Shi ya sa da yawa daga cikin matanmu ba launi suke kawo ƙara ba, cewa suke "hannuna mutuwa yake". Kuma kalmar "sanyi" da aka gaya miki ta ɓatar da mutane da yawa, domin a bakinmu ciwon gaɓoɓi sanyi ne, ciwon mara sanyi ne, kaikayin gaba ma sanyi ne. Sai a ɗora mutum kan maganin kashe ƙwayoyin cuta wata da watanni, alhali matsalarsa a jijiyar jini take.

Reno iri biyu ce

Akwai wadda take zaman kanta, babu wani ciwo a bayanta, kuma ita ta fi yawa nesa ba kusa ba. A ƙasashen da aka ƙidaya, mutum 3 zuwa 5 cikin 100 suna da ita. Takan fara ne tun ƙuruciya, tsakanin shekara 15 da 30, ta fi kama mata, tana taɓa hannu biyu daidai wa daida, sau da yawa uwa ko yaya ma tana da ita, kuma ba ta barin gyambo. Ɗalibai mata sukan zo mini da ita a watan Janairu, lokacin da sanyin asubar Maradi ke sauka wajen digiri 13. In na duba na ga komai lafiya, safar hannu da rigar sanyi kawai nake rubuta musu.

Ta biyun ita ce wadda wani ciwo ya haifar. Nan ne nake tsayawa in natsu. In ta fara bayan shekara 30, in zafinta ya yi tsanani, in ta fi cin wasu yatsu ta bar wasu, in ta bar miki ko ɗan rami a kan yatsa, to akwai abin da ke ƙarƙashi. Ciwuka da dama suna iya zama dalili, kamar lufus, wani ciwon garkuwar jiki, da wani nau'in amosanin gaɓɓai, da raunin ƙwayar maƙoshi mai sarrafa kuzarin jiki, da wasu magunguna, da daɗewa ana aiki da inji mai girgiza hannu. Amma babu wanda ya manne da Reno kamar sikileroderma: fiye da 90 cikin 100 na masu ita suna da wannan alama, kuma a yawancinsu ita ce ta fara sallama, wani lokaci shekaru da yawa kafin fata ta nuna komai. Sai dai a lura, ba a juya maganar. Kusan duk mai sikileroderma yana da Reno, amma mafi yawan masu Reno ba za su taɓa yin sikileroderma ba.

Abin da ke faruwa a cikin jijiyar

Sunan sikileroderma daga Girkanci yake, ma'anarsa fata mai tauri, kuma a takardar asibiti za ki ga an rubuta sclérodermie da Faransanci. Babu abin da ya haɗa ta da sikila sai kamannin suna. Ciwo ne na garkuwar jiki: sojojin da aka ajiye don yaƙar cuta su ne ke juyowa su taɓa jikin mai su. Abu uku ne ke tafiya tare. Shimfiɗar cikin ƙananan jijiyoyin jini tana samun rauni, garkuwar jiki tana ta da kumburi, sannan ƙwayoyin da aikinsu ɗinke rauni suna ta zuba sinadarin kolajin, wato abin da tabo ke ginuwa da shi, ba tare da tsayawa ba. Ya fi kama mata, galibi tsakanin shekara 30 da 50. Ba laifin mai shi ba ne, ba abincin da ya ci ba ne, ba kuma ƙanƙarar da kike sayarwa ce ta jawo miki ba. Ƙanƙarar tana tayar da alamar ne kawai. A maza, shaƙar ƙurar dutse na daga cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin, tun da aka lura da haka a masu haƙar zinariya na Afirka ta Kudu a 1957, don haka duk saurayin da ya dawo daga Jado, inda ake haƙar zinariya, da irin wannan ƙorafi nakan tambaye shi aikin da ya yi a can.

Ki ɗauki tiyon ban ruwa na masu lambu a bakin Gulbi. In yaro ya taka shi, ruwa ya tsaya, ya ɗaga ƙafa ruwa ya dawo da ƙarfinsa, wannan ita ce Reno mai zaman kanta: tiyon lafiyarsa lau. A sikileroderma kuwa tiyon ne laka ta yi ta taruwa a cikinsa har hanyar ta zama siririya, robar ma ta bushe. Ko ba a taka ba ruwan kaɗan-kaɗan yake wucewa, in aka taka kuma sai shukar da ke can ƙarshe ta ƙone. Kan yatsa shi ne ƙarshen lambun. Shi ya sa gyambo ke fitowa daidai nan, shi ya sa yake jinkirin warkewa, kuma kusan rabin masu wannan ciwo sukan gamu da shi a wani lokaci na rayuwarsu.

Abin da ya sa nake ɗaukar maganar yatsu da muhimmanci shi ne, irin waɗannan ƙananan jijiyoyi suna cikin huhu, da ƙoda, da zuciya, da hanyar abinci. Abin da ido ke gani a hannu yana iya kasancewa yana gudana a can ciki a ɓoye. Ƙwannafin da kika ambata ba na raba shi da sauran, domin hanyar abinci tana cikin wuraren da ciwon ya fi taɓawa: bakinta na ƙasa ya saki, ruwan ciki mai tsami ya riƙa hawowa, wasu har tuwo ya riƙa tsaya musu a ƙirji sai sun kora da ruwa.

Ciwon kansa yana da fuska biyu. Akwai mai tsayawa a yatsu, da hannu zuwa gwiwar hannu, da fuska. Wannan a hankali yake tafiya, Reno kan riga shi da shekaru, kuma abin da ake sa wa ido a kansa daga baya shi ne hawan jini na jijiyoyin huhu. Akwai kuma mai bazuwa har damtse, cinya, ƙirji da ciki, wanda ke zuwa da sauri, sau da yawa cikin shekara guda da fara Reno, kuma shi ya fi taɓa huhu da ƙoda da wuri. Bincike ya nuna baƙar fata sun fi samun mai bazuwar, kuma suna samunsa da ƙarancin shekaru. A fatarmu akwai wata alama da ke saurin fitowa: wuri ya yi duhu, wani wuri ya yi fari-fari da ɗigo-ɗigon baƙi a bakin kowane gashi, kamar an barbaɗa gishiri da barkono, musamman a goshi, ƙirji da bayan kunne.

Wannan farin fatar, haɗe da gyambon yatsa da lanƙwashewarsu, shi ke sa a ce kuturta. Ba zan manta da wata mata da aka kawo mini daga wani ƙauye ta wajen Tibiri ba. Ta shigo ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi, sai da na lallashe ta ta fito da su. An riga an ware mata kwanonta da butarta a gida. Kafin zuwansu an ce ɗan karkare ne a yatsanta, aka yi mata sakiya, wurin ya ruɓe, gaɓar ƙarshe ta tafi. Da na matsa fatar bayan yatsunta don in tsunkule, ta ƙi ɗagowa, tana sheƙi kamar an shafa mai, kuma bakinta bai buɗuwa ya ɗauki yatsu uku a jere. Na kira mijinta da uwar mijin na zaunar da su, na ci gyaɗa daga hannunta a gabansu. Maganin da na rubuta ya yi aikinsa, ɗarin da ya biyo baya ya wuce ba ta yi sabon gyambo ba, amma ita da bakinta ta ce ranar da aka maida kwanonta cikin na kowa ita ce ranar da ta fara jin sauƙi.

Yadda ake tabbatarwa

Ban gan ki ba, ban taɓa hannunki ba, don haka ba zan yanke miki hukunci daga rubutu ba. Amma gaskiya ita ce, Reno da ta fara a shekara 33, ga kumburin yatsu, ga gyambo, ga ƙwannafi, sun isa a yi bincike na sosai, kuma ma'aikacin lafiyar da ya faɗa miki haka ya kyauta. Ki nemi a tura ki wurin likitan ciwukan cikin jiki ko likitan fata a babban asibiti.

Gwaji biyu ne ginshiƙi. Na farko duban gindin farce. Ana ɗiga ɗan mai a fatar da ke bakin farcen, a haska, a duba da gilashi mai ƙara girma. A mai lafiya za a ga ƙananan jijiyoyi jere reras kamar haƙoran mashaci. A mai sikileroderma wasu sun kumbura sun zama manya, wasu sun fashe sun bar ɗigon jini, wasu wuraren kuma fili ne babu komai. Inda babu na'urar musamman, ni da madubin duba ido nake yi, ko da yake a fata mai duhu sosai sai an yi haƙuri kafin a gani. Na biyu gwajin jini ne na neman sojojin garkuwar da suka juya wa jiki baya. Akwai na gaba ɗaya da ake kira ANA, sannan akwai na musamman: wanda ake kira anti-santuromiya yana tafiya da nau'in da ke tsayawa a hannu da fuska, Scl-70 yana nuna a sa ido kan huhu, na RNA folimeras 3 kuma yana nuna a sa ido kan ƙoda. Wani bincike da aka yi a Montreal ta Kanada, aka buga a 2008, ya bi mutum 586 masu Reno shekara da shekaru. Waɗanda gwajin farce da na jinin musamman duka suka nuna matsala, kusan 80 cikin 100 sun zo sun yi ciwon. Waɗanda duka biyun suka fito lafiya, ba su kai 2 cikin 100 ba. Sau da yawa jinin sai mun aika da shi Yamai ko waje, da kuɗi da jira, na sani. In hali bai kai ba a lokaci guda, hannun likitan da ya san ciwon da idonsa suna gano abu da yawa, kuma ba a jiran sakamako kafin a fara kare yatsu.

In an tabbatar, sai a duba huhu da hoto da gwajin numfashi, a yi hoton zuciya, a auna aikin ƙoda da fitsari, a riƙa maimaitawa duk shekara ko da kina jin garau. A yau huhu ne ya fi yin kisa a wannan ciwo, kuma yakan fara shiru. In kika ga tafiyar da kika saba yi zuwa kasuwa ta fara sa ki haki, ko busasshen tari ya ƙi tafiya, kada ki jira ranar da aka ba ki.

Abin da za ki fara yau

Har yanzu babu maganin da ke tumɓuke sikileroderma daga tushe. Duk wanda ya ce miki yana da shi a kwalba, kuɗinki yake so. Amma akwai abubuwa da yawa da ke rage ta'adinta, kuma mutane suna shekaru masu yawa da ita suna harkokinsu.

Ɗumin jiki duka ake nema, ba na hannu kaɗai ba, domin in ƙirji da wuya suka ji sanyi, jiki zai tsuke jijiyoyin yatsu ko suna cikin safa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ki sa rigar sanyi tun kafin ki fito daga ɗaki, da safar ƙafa, da takalmi rufaffe maimakon silifa. Ki ajiye ruwan ɗumi a fulas tun dare don alwalar asuba. Wanki da wanke-wanke ki bari sai hantsi, da ruwan da ya sha rana. In kin hau kabu-kabu da safe, hannu cikin safa. Sana'arki kuwa ba na ce ki bari ba, na san da ita ake cefane. Amma hannunki kada ya ƙara shiga firiji tsirara: safar ulu a ciki, ta roba mai kauri a waje, ko ludayi, ko wani cikin yaran ya riƙa ɗebo miki. In yatsun suka mutu, ki sa su a hammata ko a ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannunki ta gwada, ki wujijjiga hannuwan. Kada ki kanga su a kasko ko bakin murhu, domin yatsan da ya mutu ba ya jin ƙuna sai ta gama. Ki riƙa shafa man kaɗe ko bazilin don fatar kada ta tsage. Taba kowace iri, har hayaƙin ta wani a ɗaki, abokiyar gaba ce.

Gyambon nan kada a yi masa sakiya, kada a tsaga, kada a sa masa toka ko garin magani. A wanke da ruwa mai tsabta, a rufe, likita ya gani. In yatsa ya yi baƙi ko shuɗi ya ƙi dawowa bayan an ɗumama, ko ciwon ya hana barci, ko ya fara ruwa da wari, ranar za a tafi asibiti, ba gobe ba.

Maganin da muke farawa da shi yana cikin na hawan jini masu buɗe jijiya, nifedifin mai aiki a hankali ko amlodifin, kuma ana samun su a kantunan magani na nan. Suna iya kawo ciwon kai, jiri ko kumburin ƙafa a farko, shi ya sa ake farawa da kaɗan bayan an auna jini. In ba su isa ba akan ƙara sildenafil. Mutane sun san shi a matsayin maganin maza, mata da yawa sukan ji kunya in na rubuta musu, amma aikinsa buɗe jijiyar jini ne kuma yana taimaka wa gyambon yatsa ya warke. Akwai ilofrost da ake ƙarawa ta jijiya, da bosentan mai rage fitowar sabon gyambo, sai dai tsadarsu da wuyar samu sun sa kaɗan ne cikin majinyatana suka taɓa kaiwa gare su. Ƙwannafi kuma omefirazol, da ɗaga kan gado, da barin awa uku tsakanin tuwon dare da kwanciya. Magungunan lafar da garkuwar jiki, irin su metotirekzat don fata da mikofenolat don huhu, sai ƙwararre. Su biyun da bosentan suna cutar da ɗan tayi, don haka in kina da niyyar ƙara haihuwa ki faɗa tun a zaman farko.

Akwai gargaɗin da nake so ki riƙe da hannu biyu. Magungunan kotizon, irin su firednizon da dekizametazon, waɗanda masu tallan magani ke bayarwa don ciwon gaɓoɓi ko don ƙiba, suna da haɗari na musamman ga mai sikileroderma. Shan firednizon da ya kai miligiram 15 ko fiye a rana yana ƙara yiwuwar ƙoda ta tsaya farat ɗaya, jini ya hau sama sosai. Na ga wadda ta sha don kumburin hannu, kumburin ya saɓe ta yi murna, bayan makonni aka kawo ta ba ta gani sosai, fitsari ya ɗauke. Ana ceto irin wannan da kaptofiril, wani maganin hawan jini, in an zo da wuri, shi ya sa nake so ki riƙa auna jininki a kai a kai, kuma ciwon kai mai tsanani ko dishi-dishin gani su kai ki asibiti nan take. Amma in kin riga kin daɗe kina shan kotizon, kada ki yanke shi rana ɗaya, likita ne zai rage miki a hankali. Haka nan wasu magungunan mura masu buɗe hanci, da ergotamin na ciwon ɓarin kai, da furofuranolol na hawan jini da bugun zuciya, duk suna ƙara tsuke jijiya.

Ranar da za ki je, ki tattara duk magungunan da kika sha, na asibiti da na talla da na gargajiya, ki zuba a leda ki tafi da su. Ki dakata da ƙunshi, domin lalle yana rufe launin yatsu da gindin farcen da muke son gani. Kuma tunda da wuya abin ya tashi a gaban likita da rana tsaka, gobe da asuba in yatsun suka yi fari, ki sa wani ya ɗauki hoton tafin hannuwanki biyu da waya a wuri mai haske, ki nuna masa.